Kundin Aiki: Tace Sautin Tsofaffin Kaset da SSE, AVX2 da NEON

11 ga Janairu, 2025

Aikin da ke gabana ƙaramar manhaja ce a harshen C. Za ta karɓi sautin da ake kwashewa daga tsofaffin kaset-kaset na karatu da hirarraki, ta rage shi daga samfur 44,100 a daƙiƙa zuwa 16,000 (samfur lamba ɗaya ce da ke nuna matsayin sautin a wani ɗan lokaci), sannan ta cire ƙugin wutar lantarki da ya shige ciki tun ranar ɗauka. Manhajojin mayar da magana rubutu irin su Whisper 16,000 ɗin suke karɓa. SoX da FFmpeg suna yin wannan aiki da kyau, kuma wanda ke son ya gama yau ya kama gabansa su zai ɗauka. Ni ina son abu ƙarami da ba ya jingina da kowa, wanda zai tashi a duk kwamfutar da ke ɗakin kwashe kaset da kuma wayar Android mai araha. Ga shi kuma Malam, wanda kaset ɗin ke hannunsa, yakan saurara ya ce a ƙara nan a rage can, sai a sake bi ta kan tarin fayilolin kaf, galibi a kan batir.

Ga lissafin. A duk samfur 441 da suka shigo, 160 ne za su fita. Kowane mai fita yana faɗawa a wani gurbi tsakanin samfura biyu na asali, kuma guraben nan iri 160 ne kacal, daga nan sai su maimaitu. Kowane gurbi da sahunsa na ma'aunai 64: a ɗebo samfura 64 da ke kewaye da wurin, a ninka kowanne da ma'auninsa, a tara. Awa ɗaya ta sauti tana fitar da samfur 57,600,000, sau 64 kuwa ya kama ninka-da-tara 3,686,400,000. Duk wahalar manhajar a cikin ɗan madauki mai layi biyu take, wato layukan kod da ake ta maimaitawa. SSE, AVX2 da NEON rukunan umarnin furosesa ne masu yin lissafi ɗaya a kan lambobi da yawa lokaci guda, da su nake son hanzarta shi.

Na rubuta madaukin a sauƙaƙe da `float`, nau'in lamba mai ɗigo mai bit 32. Na kuma rubuta na biyu da `double`, mai bit 64 da ya fi daidaito, wanda ba zan sake taɓawa ba har a gama. Shi ne alƙali, duk hanyar da na ƙirƙiro a gabansa za a gwada ta.

19 ga Janairu

Laftof ɗina ta hannu ce, Core i5 ƙarni na huɗu, wato Haswell na 2013, tana da AVX2 da FMA, umarnin da ke ninkawa ya tara a aiki ɗaya. Na ba GCC, kwamfailan da ke mayar da kod ɗin C umarnin furosesa, tutocin `-O3 -mavx2 -mfma`, na leƙa abin da ya fitar. A tsakiyar madaukin umarni ɗaya ne, `vfmadd231ss`. Haruffa biyun ƙarshe su suka tona asiri: `ss` lamba ɗaya yake ɗauka, `ps` ne mai cika rajista, ɗan ma'ajin da ke cikin furosesa inda ake lissafi. Rajista mai gurbi takwas, ana aiki da gurbi ɗaya.

Ba kasawar kwamfaila ba ce, doka yake bi. Kod ɗin ya ce a tara na farko da na biyu, a ɗora na uku, har na 64. In za a raba aikin gurbi takwas dole a sauya jerin tarawar, kuma a lissafin `float` sauya jeri na iya sauya amsa. Bit 24 kawai `float` ke da su na riƙe lamba. A ɗauki 16,777,216 a ƙara 1, amsa 16,777,216 ce, ɗayan ya ɓace. A sake ƙara 1, nan take dai. Amma in aka fara haɗa 1 da 1 kafin a ɗora, za a sami 16,777,218. Haka ƙa'idar IEEE 754 ta tsara tun 1985, wadda William Kahan ya yi jagorancin tsara ta, kuma kwamfaila ba zai ƙetare ta da kansa ba.

Abin dariyar shi ne FMA ta ƙara jan ƙafa a nan. A Haswell tarawa tana ɗaukar bugu 3 na agogon furosesa, FMA tana ɗaukar 5. Tunda kowace tarawa tana jiran wadda ta gabace ta, sarƙar ta tashi daga bugu 192 ta koma 320 a kowane samfur. Ko da 192 ɗin, awa ɗaya ta sauti bugu biliyan 11 ce da ɗoriya, 'yan daƙiƙoƙi a wannan laftof. Ba wanda zai mutu a kan haka, sai dai in an ninka da yawan fayilolin a kan kwamfuta mai rauni.

`-ffast-math` zai ba kwamfaila izinin sauya jeri, amma ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana ɗauka cewa NaN, alamar lissafin da bai ba da lamba ba, ba za ta taɓa bayyana ba, har ya share layin da ke bincikarta. Na fi son in sauya jerin da hannuna, in san inda na sauya.

26 ga Janairu

Hanyar AVX2 ta farko ta tashi. Ma'aunai 64 sun zama `_mm256_fmadd_ps` guda takwas, kowanne na ɗaukar lambobi takwas.

Wannan faɗi a hankali aka iso shi. AMD ta fara da 3DNow! a K6-2 a 1998, `float` biyu a lokaci guda. Intel ta kawo SSE a Pentium III a 1999, rajistocin XMM masu bit 128, `float` huɗu. SSE2 ta zo da Pentium 4 a 2000 ta ƙara `double`. Sai 2011 AVX ta ninka faɗin zuwa 256 a Sandy Bridge, da rajistocin YMM. Amma ninkin bai cika ba, domin YMM ɓari biyu ce masu bit 128 da aka manna, kuma yawancin umarnin da ke jujjuya lambobi ba sa ƙetare tsakiya. Na ga haka ƙarara wajen haɗa gurabe takwas su zama jimla ɗaya. `_mm256_hadd_ps` yana tara maƙwabta ne a cikin kowane ɓari daban, don haka sai an ciro ɓarin sama da `_mm256_extractf128_ps` an ɗora a kan na ƙasa kafin a ƙarasa.

Haswell na iya fara FMA biyu a kowane bugu, kowace ta gama bayan bugu 5. Kafin injin ya cika da aiki sai an sami guda goma suna tafiya tare ba mai jiran wani, kamar lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan na sama ta waccan na sauka, turmin ba ya hutawa. Furosesa da kansa yana ƙoƙarin haɗa luguden, yana fara samfur na gaba tun na baya bai ƙare ba. Saurin ya ƙaru ninki-ninki, amma bai kai inda lissafin takarda ya ce ba. Kowace FMA tana buƙatar ɗauko abu biyu daga memori, ma'auni da sauti, Haswell kuwa ɗauko biyu yake iyawa a bugu. Ke nan rabin ƙarfin FMA yana zaune.

8 ga Fabrairu

`perf`, manhajar auna inda lokaci ke tafiya, ya nuna inda gizo ke saƙa. Teburin ma'aunai sahu 160 ne, sau 64, sau bayit 4: bayit 40,960. Rumbun kusa na L1, ƙaramin memori mafi sauri da ke cikin furosesa, bayit 32,768 yake ci. Kuma yadda ake bin teburin shi ne mafi munin salo ga rumbu irin wannan, domin ana zaga sahu 160 ɗin kaf kafin a dawo kan na farko, lokacin kuwa an riga an fitar da shi an ba wani wurinsa. Kusan kowane sahu daga L2, rumbu na gaba da ya fi girma amma bai kai shi sauri ba, ake ɗauko shi.

Hanya mai sauƙi ita ce a rage ma'aunai zuwa 48, tebur ya koma bayit 30,720. Ban yarda da ita ba. Sautin kansa yana buƙatar wuri a rumbun, kuma gajeren mataci, wato sahu mai ma'aunai kaɗan, yana barin ƙarar da ke sama da girgiza 8,000 a daƙiƙa ta naɗo ta dawo cikin magana. Kaset kuwa a can saman ne shuu ɗinsa ya fi yawa.

Sai na juya madaukin. Samfur mai fita na farko, da na 161, da na 321, duk sahu ɗaya suke amfani da shi, bambancinsu kawai kowanne ya fi na baya nisa da samfur 441 a sautin asali. To me zai sa a ɗauko sahun, a yi aiki ɗaya da shi, a yar? Ma'aunai 64 rajistar YMM takwas ne cif. Rajistocin goma sha shida ne. Takwas su riƙe sahun, takwas su zama na tarawa, kowace tana tara samfur ɗinta daban. FMA kuma tana iya ɗauko sautin kai tsaye daga memori ba tare da ya sauka a wata rajista ba. Goma sha shida sun ƙare, ba saura ba gibi.

Abubuwa da dama sun warware tare. Ɗauko ya koma ɗaya a kowace FMA. Sarƙoƙi takwas masu zaman kansu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sautin da ake aiki a kansa 441 sau 8 sau bayit 4 ne, bayit 14,112, yana zaune daram a L1, teburin kuma sau ɗaya ake binsa a duk samfur 1,280. Na sake jera teburin bisa yadda ake kiran sahun, tunda tsalle na 121 ake yi daga sahu zuwa sahu, don mai hasashen memori ya ga hanya miƙaƙƙiya. Har haɗa jimla ya yi arha: maimakon a matse kowace rajista ita kaɗai, `hadd` shida da musayar ɓari da tarawa ɗaya suna mayar da rajista takwas su zama guda mai ɗauke da amsa takwas.

Faɗin rajista bai ƙaru da ko bit ɗaya ba tsakanin 26 ga Janairu da yau, amma ribar yau ba ta da nisa da ta ranar.

9 ga Fabrairu

Ragowar jiya. Amsoshi takwas ɗin ba maƙwabta ba ne a fayil mai fita, tsakanin kowanne da na gaba 160 ne, kuma AVX2 tana da umarnin tattarowa amma ba ta da na watsawa. Ina zuba su a ƙaramin tebur na 160 sau 8, in juya shi daga baya.

Ma'aunai na jera su a adireshin da 32 ke rabawa, da `aligned_alloc`. Sauti ba zai jeru ba, 441 mara ce. In farkon bai faɗa daidai ba, rabin ɗaukowar suna ƙetare iyakar layin rumbu mai bayit 64, kowace irin wannan aiki biyu ce. Na bar shi haka.

Wajen mayarwa bit 16: `_mm256_cvtps_epi32` yana zagayawa zuwa lamba mafi kusa, mai `tt` a sunansa yankewa yake yi, ba shi nake so ba. `_mm256_packs_epi32` shi ma ɓari-ɓari yake aiki, sai an bi shi da `_mm256_permute4x64_epi64` da `0xD8`, in ba haka ba samfuran su fito a harɗe.

22 ga Fabrairu

Na je ɗakin kwashe kaset da filas mai Linux, na bi kwamfutocin ina duba `/proc/cpuinfo`. Ta teburin Malam Core i5 ce ƙarni na uku, Ivy Bridge: akwai `avx`, babu `avx2`, babu `fma`. Ɗalibar da ke taya shi rubuta sunayen kaset ta miƙo tata, siririya fes, ba ta fi 'yan shekaru ba.

"Yaya, tawa ai sabuwa ce, ta fi ta Malam."

Celeron N4020 ce. Na bi layin `flags` da yatsa a kan allo: `sse`, `sse2`, `ssse3`, `sse4_1`, `sse4_2`, har ƙarshe ba `avx` ko ɗaya. Furosesan na 2019 ne, shekara takwas bayan Sandy Bridge, amma dangin Atom ne, kuma wannan zubi nasu ba ya ɗauke da AVX. Pentium da Celeron na zamanin Haswell da Skylake ma haka aka sayar da su. Irin waɗannan su suka cika hannun ɗalibai a nan, don haka shekarar kwamfuta ba ta gaya maka komai. Da an haɗa manhajar da `-march=native`, tutar da ke amfani da duk umarnin furosesan da aka haɗa a kansa, a laftof ɗina aka kawo nan, da umarnin AVX na farko zai kashe ta da `SIGILL`, alamar umarnin da furosesa bai sani ba.

Tsarin da na tsayar: kowace hanya da fayil ɗinta da tutocinta, fayil ɗin AVX2 kaɗai ke ganin `-mavx2 -mfma`. Idan manhaja ta tashi sai ta tambaya da `__builtin_cpu_supports`. Tambayar furosesa kaɗai ba ta isa ba, sai tsarin aikin kwamfutar ma ya san ajiye rajistocin YMM idan zai sauya aiki, abin da Windows 7 bai iya ba sai da SP1. GCC yana duba wannan ta `XGETBV`.

Ƙasan tsani SSE2 ce, domin duk furosesan x86 mai bit 64 yana da ita. A nan dabarar 8 ga wata ba ta shiga yadda take: ma'aunai 64 za su cinye XMM goma sha shida duka. Na raba sahun biyu, 32 a zagaye na farko 32 a na biyu, rajista takwas na ma'auni, shida na tarawa, biyu na wucin gadi. Na wucin gadin dole ne, domin babu FMA, kuma `mulps` na tsohon salo ba ya karɓar adireshin da bai jeru a 16 ba, sai an fara saukar da sautin da `movups`.

Ivy Bridge na tura ta hanyar SSE2. Tana da AVX, amma bit 128 take ɗaukowa a kowace ƙofa, ribar ba ta kai a buɗe mata hanya ta uku da za a riƙa gwadawa har abada ba.

15 ga Maris

Azumi, aiki ya ja baya. Bayan asham nakan ɗan duba takardun AVX-512, kallo kawai. Rajista 32 masu bit 512, sahuna zai shiga huɗu kacal, ga umarnin watsawa, ga rajistocin rufe gurbi da ke kawar da matsalar wutsiyar madauki. Tsari ne mai kyau ƙwarai. Ya fito a Xeon Phi a 2016 da Xeon na Skylake a 2017, ya shiga wasu laftof, sai Alder Lake ya zo a 2021 da ƙananan ƙwayoyi marasa shi aka rufe shi. AMD kuma ta fara sa shi a Zen 4 a 2022. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikin waɗanda manhajar nan za ta zauna a kansu da ke da shi. Kuma da sautina marar jeri, ɗauko mai bayit 64 kusan kullum sai ya ƙetare layin rumbu. Ba zan rubuta wannan hanya ba.

SVE ta ARM, wadda A64FX na Fujitsu ya ɗauka a kwamfutar Fugaku ta Jafan, da ƙarin V na RISC-V da aka tabbatar a 2021, wata dabara ce daban: kod ba ya sanin faɗin rajista sai ya tashi. Nawa tsarin gaba ɗayansa a kan ƙirga rajista aka gina shi, ba zai ƙaura can ba sai an sake tunani.

6 ga Afrilu

An yi Sallah, na koma kan ƙugi. Wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa, don haka mataci uku ne a jere, na 50 da 100 da 150, kowanne faɗinsa kimanin 2. Na sa su bayan ragewa zuwa 16,000, inda samfuran suka fi kaɗan kuma `float` ya fi iya riƙe ma'aunan daidai.

A ƙidayar ninkawa ba su kai komai ba, 15 a samfur, ina su ina 64. Amma da na auna, su suka fi cin lokaci. Wannan mataci yana ci daga abin da ya fitar: amsar yanzu tana shiga lissafin ta gaba. FMA biyu a jere, bugu 10 a kowane samfur, ba yadda za a tsallake. Abin da Gene Amdahl ya faɗa ne tun 1967, sashen da ba ya rabuwa shi ke yanke iyakar saurin duka.

Tunda ba a raba shi ta tsawon lokaci, sai a sami abubuwa takwas da ba ruwan wani da wani. Kaset ɗin murya ɗaya ce, ba tasha takwas. Na yanka kowane babban yanki gida takwas, kowane gida a gurbinsa na YMM, suna tafiya tare. Matsalar ita ce gida na biyu bai san halin da na farko ya bar matacin ba. Amma mataci mai faɗin 2 yana mantuwa da sauri: abin da ya tuna yana raguwa da kusan kashi 63 cikin ɗari a duk daƙiƙa 0.16. Na sa kowane gida ya fara daƙiƙa biyu kafin iyakarsa, a zubar da abin da ya fito a wannan tsakani. Bayan daƙiƙa biyu ragowar ta koma 'yan ɗigo cikin miliyan, ƙasa da mataki ɗaya na bit 16. Na saurari mahaɗan da abin kunne, na kuma cire sakamakon daga na alƙali, ba tabo.

12 ga Afrilu

Wani fayil ya tsaya cak a tsakiya kamar an taka birki, fanka na ihu. Zafin Afrilu na fara zargi, amma sauran fayiloli suna gudu lafiya. Na buɗe shi. A tsakiyarsa akwai wajen minti guda na shiru, ba shirun kaset mai shuu ba, sifili tsantsa. Wanda ya kwashe shi ya goge wata hayaniya da manhajar gyaran sauti.

Idan sifili ke shiga, abin da matacin ya tuna yana ta ƙanƙancewa. Mafi ƙanƙantar `float` na yau da kullum wajen 1.18 sau 10 a ƙarfin -38 ne, kuma da saurin mantuwar nan daƙiƙa goma sha wani abu ta isa a kai can. Ƙasa da nan akwai wasu lambobi na musamman da IEEE 754 ta tanada don kada a faɗa sifili kwatsam, har zuwa wajen 1.4 sau 10 a ƙarfin -45. Haswell ba ya ninka su ta babbar hanya, ratse yake yi, kowace ninkawa ta ci bugu fiye da 100. Kuma ba sa ƙarewa: a can ƙasa, in an ninka lamba da 0.9996 aka zagaya, ita ɗin dai ake samu. Gurbi ɗaya cikin takwas ya shiga wannan hali, sauran bakwai ma sun tsaya jiransa, tunda umarni ɗaya ne.

Maganin bit biyu ne a rajistar MXCSR, FTZ a bit 15 da DAZ a bit 6, tare `0x8040`. Na farko yana mayar da irin wannan amsa sifili, na biyu yana ɗaukar irin wannan shigowa a matsayin sifili. Kowane zare, wato layin aiki mai gudana da kansa a cikin manhaja, da tasa rajistar, don haka ina kunnawa a bakin aiki, in mayar yadda na tarar a ƙarshe. Mayarwar tana da muhimmanci. Kafin GCC 13, laburaren da aka haɗa da `-ffast-math` yana kunna waɗannan bit da zarar an loda shi ya bar su haka, ya sauya lissafin manhajar da ta kira shi ba da saninta ba.

Na yanko minti ɗayan nan na ajiye cikin fayilolin gwaji.

26 ga Afrilu

Malam ya aiko a kira ni. Yana da littafi da yake rubuta lambar SHA-256 ta kowane fayil, haruffa takwas na farko, don gane wanda ya lalace ko aka kwafa sau biyu. Ya buɗe shi, ya ɗora yatsa a layi biyu. Kaset ɗaya, an tace a kwamfutarsa an tace a tawa, lambobi sun sha bamban.

"Ɗana, wace ce mai gaskiya a cikinsu?"

"Allah ya gafarta Malam, duk biyun."

Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba.

Na nuna masa bambancin fayilolin biyu: jefi-jefi samfur ɗaya ya bambanta da mataki ɗaya cikin 65,536. Dalili biyu ne. SSE2 tana tara ma'aunan gida huɗu a zagaye biyu, AVX2 gida takwas, jeri ya bambanta. Sannan FMA sau ɗaya take zagayawa bayan ta ninka ta tara, yadda gyaran IEEE 754 na 2008 ya tsara, ninka daban da tara daban kuwa sau biyu. In jimla ta faɗo dab da tsakiyar matakai biyu, wannan ɗan bambanci ya isa ya tura ta hagu ko dama.

Ana iya sa su fito iri ɗaya. A tilasta wa kowace hanya jeri guda, a haramta FMA ko'ina, a sa `-ffp-contract=off` don kada kwamfaila ya haɗa ninka da tara a ɓoye. A Haswell wannan zai zubar da wajen rabin saurin madaukin, domin ƙofa ɗaya ce ke tarawa, kuma zai ƙara nisanta amsar da ta alƙali, tunda FMA ta fi kusa da gaskiya. A ganina sayen daidaito da kuskure ne. Fayil mai 16,000 abin amfani ne da ake sake fitarwa duk lokacin da aka so, wanda ya cancanci lamba a littafi shi ne na asali mai 44,100 da ba a taɓa ba.

Malam ya yarda da rabi. Zai riƙa rubuta lambar na asali, amma yana so a san wace hanya ta tace kowane fayil. Haƙƙinsa ne. Yanzu manhajar tana rubuta `sse2` ko `avx2` a cikin bayanan fayil ɗin WAV. Gwajina kuma ya ce: kada wata hanya ta kauce wa alƙali da fiye da mataki ɗaya a ko'ina.

10 ga Mayu

Waya. NEON a kan ARM mai bit 64 ta fi SSE2 daɗin aiki nesa ba kusa ba. Faɗin ɗaya ne, bit 128, amma rajista 32 ne: goma sha shida na sahun gaba ɗaya, takwas na tarawa, takwas na saukar da sauti. Ga `vfmaq_f32`, ga `vaddvq_f32` mai haɗa gurabe huɗu da umarni ɗaya, ga `vcvtnq_s32_f32` mai zagayawa zuwa mafi kusa. Bit ɗin kashe ƙananan lambobi shi ne FZ, na 24 a rajistar FPCR. Cortex-A53 ba ya sake jera umarni da kansa kamar Haswell, yadda aka ba shi haka yake bi, don haka a nan rajistocin tarawa takwas ɗin su ne komai.

Wayar da aka ware wa aikin kuwa Android Go ce. Furosesanta A53 ne mai bit 64, amma tsarin da ke kanta mai bit 32 ne, manhaja dole ta zama `armeabi-v7a`. An koma rajista goma sha shida, sahu a raba biyu kamar na SSE2. FMA sai an tabbatar akwai VFPv4, don haka na yi amfani da `vmlaq_f32`, mai zagayawa sau biyu. NEON ta wannan zubi kullum tana mayar da ƙananan lambobi sifili ba tare da an roƙe ta ba, fayil ɗin 12 ga Afrilu ya wuce sumul. Abin da babu shi ne umarnin zagayawa zuwa mafi kusa: `vcvtq_s32_f32` yankewa yake yi. Na ƙara rabi mai alamar lambar kafin yankewa. Ya ci gwajin mataki ɗaya, sai dai a daidai rabi yana tura lamba nesa da sifili, sauran hanyoyin kuwa zuwa lamba mai cika biyu-biyu suke turawa.

A laftof yanzu faifai ake jira. Awa ɗaya ta asali mai murya ɗaya bayit 317,520,000 ce, karanto ta daga tsohon faifai mai juyawa ya fi tace ta daɗewa.

Abin da ke gaba ba na rajista ba ne. A wasu kaset ƙugin ba a 50 yake ba, ko don janareto ne ya ba da wutar ranar ɗauka, ko don rediyon da ya ɗauka da wanda ke kunnawa yanzu ba gudu ɗaya suke ba. Mataci mai faɗin 2 yana wuce shi ta gefe. Zan sa a auna inda ƙugin yake a kowane gida cikin takwas ɗin kafin a tace, kowane gurbi ya sami ma'aunansa. Tsarin yanzu ya riga ya ba da dama, domin ma'aunan a rajista suke gurbi-gurbi, ba dole su zama iri ɗaya ba.